Nauyin Bakina da Katin Inshora

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Ku yafe min jinkiri. Rubutu ba ya yi min sauri, a aji shida na firamare na tsaya, sai in goge layi in sake kafin in yarda da shi. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Nasiratu, 'yar Malumfashi ce ni, aure ya kawo ni Doha. Muna zaune a Wakra, ni da mijina Ɗalhatu. Sunan nan nasa da kuka ga na rubuta, a rubuce kawai nake iya shi. Tun da aka ɗaura mana aure Malam nake ce masa, don a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta.

Aikinsa gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne a dogayen benayen nan na Dafna, yana da 'yan ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ciki da falo gare mu a hawa na biyu. In na leƙa tagar kicin na karkata wuya, ina hango bakin teku da jiragen masunta. Ina sauka ƙasar nan ba da daɗewa ba korona ta rufe ko'ina, don haka amarcina a kulle na ci shi, daga ni sai shi sai waya.

A cikin kullen nan na samu cikina na fari. Malam don murna babu wanda bai gaya wa ba, har mai gadin beninmu. A wata na biyar ya zube. Saboda dokar korona ba a bar shi ya shiga ɗakin da nake ba, a bakin ƙofar asibiti ya wuni a tsaye. Likitata, wata dattijuwa 'yar Sudan, ita ta riƙe hannuna har aka gama. Fuskarta a rufe da takunkumi, idanunta kawai nake gani, amma har yau in na tuna ranar, idanun nan nake fara tunawa.

Inna, mahaifiyata, ta ce baki ne ya kama mu.

"In Allah ya sake kawowa ki ja bakinki ki yi shiru," ta ce min a waya. "Ko shi kada ki gaya wa, namiji ba ya iya riƙe murna. Ki bari cikin ya faɗi kansa. Kuma yana shiga wata bakwai gida za ki taho goyon ciki, kamar yadda aka yi wa yayyenki."

Na ce to. Dama ko ba ta hana ni ba, ta ina zan fara? Ni da ko kuɗin cefane sai na yi ta juya gefen mayafi kafin in tambaya.

Allah ya sake kawowa a shekarar ƙwallon duniya, lokacin da gari ya cika da tutoci, ko'ina gini ake ana fenti. Mutum ɗaya na gaya wa, ita ma ba gaya mata na yi ba, kallona ta yi ta gane. Anti Liatu ke nan, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu, 'yar Kafanchan, nas ce a asibitin kuɗin da likitata take. Ita ta riƙa raka ni awo in Malam ya tafi aiki. In na miƙa katin inshorar da kamfaninsu ya ba mu, ɗan abu kaɗan nake cikawa, sauran su ke biya.

A zuwana na ƙarshe likita ta ce bakin mahaifata ne ba shi da ƙarfi, shi ya jawo na wancan karon. Za a yi min ɗauri, wato a ɗinke bakin mahaifar, nan ba da jimawa ba, kuma za ta riƙa dubana a kai a kai har in sauka.

"Zuwa na gaba ki taho da mijinki," ta ce.

Nan ma na ce to. Na dawo gida na dafa masa taliya.

Ranar wata Laraba da la'asar ya shigo da leda a hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Hajiyar gida, ajiye ludayin nan ki zo ki ji."

"Miya za ta kama, Malam."

"Ta kama ɗin. Yau ko ƙonanniya ce zan sha."

Na fito ina goge hannu a zani. A cikin ledar ɗanyen mangwaro ne da tsamiya. 'Yan kwanakin nan haka yake ta shigo da su, wai a shagon Indiyawa ya gani da araha. Ni kuwa ina ta gode wa Allah da wannan araha.

Ya ce Yaya Munzali ya samo masa aiki. Yaya Munzali wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo shi ƙasar nan, kuma shi ne babban direba a wani kamfani da ke kula da sanyaya filin ƙwallo a Thumama. Suna neman ƙwararru kafin a fara gasa. Albashi ya fi na yanzu nesa, ga kuɗin haya.

"Kuma kin san yanzu ba sai kafil, wato mai kamfaninmu, ya yarda ba," ya ce. "A waya ake tura notis ɗin barin aiki. Lahadi in aka koma aiki zan tura. Ki fara zaɓen labule, gida mai ɗaki biyu za mu koma."

"Ɗaki biyu? Mu biyu?"

Ya kau da kai yana ɓare mangwaro. "Saboda baƙi."

Na yi murna har zuciyata. Washegari na soya cincin na kai wa Anti Liatu, don ranar tana hutu. Na tarar da ita da ɗaurin ƙirji tana yi wa 'yarta Juliet kitso, yarinyar na ta zillo.

"Ƙanwata, wannan fara'ar fa? Kin gaya masa?"

"A'a. Aiki ya samu."

Da na faɗi sunan kamfanin sai ta saki gashin yarinyar.

"Can Ɗanlami yake aiki ai," ta ce. Ɗanlami mijinta ne. "Zauna. Ba a kan hannun kujera ba, zauna sosai. Ya tura notis?"

"Sai Lahadi."

"Mun gode Allah. Kin ga yarinyar nan? Kin san me ya sa ubanta yake ce mata 'Yar Mota?"

Na girgiza kai.

"Motarmu aka sayar aka haife ta. Ina da cikinta ya koma kamfanin nan, ni kuma lokacin ban fara aiki ba, a kan katinsa nake. Saurara da kyau. Katin da ke jakarki na kamfanin da mijinki yake yanzu ne. Ranar da aikinsa ya ƙare a can, katin ya mutu. Sabon wuri za su ba ku nasu, amma tsarinsu ba ya ɗaukar ciki da haihuwa sai kun yi wata goma a ciki. Cikin da aka shigo musu da shi kuwa, babu ruwansu. Zazzaɓi za su biya, ciwon haƙori za su biya. Amma awo, hoton ciki, haihuwa, in ta kai ga tiyata, in an sa jariri a kwalba, duk daga aljihunsa."

"To ai an ƙara masa albashi, Anti."

"Ƙarin shekara guda ɗakin jarirai zai lashe shi kafin suna. Ba kowane kamfani ne haka ba, wasu suna ɗauka tun ranar farko, shi ya sa ake tambaya kafin a sa hannu. Amma wannan na san shi, a jikina na san shi."

Na tambaye ta ɗaurin fa.

"Shi ƙila a samu a yi kafin notis ya cika. Sauran watannin fa, da su ne masu haɗarin? Asibitin gwamnati na nan, suna da kyau, kuɗinsu kaɗan ne, ba zan ɓata su ba. Sai dai sabon fayil za ki buɗe a tsakiyar ciki, wurin likitan da bai san abin da ya same ki ba. Ke da ko ni sai na yi da gaske kike buɗe baki, za ki iya zayyana wa baƙo tarihinki?"

Idanun likitata kawai nake gani.

"Yau za ki gaya masa."

"Inna ta ce..."

"Inna tana Malumfashi, ba ta san inshora ba. In kin ƙi, ni zan ƙwanƙwasa ƙofar."

"Don Allah Anti, kada ki yi. Zan faɗa."

'Yan uwa, na gwada. Wallahi na gwada. Da ya dawo na kai masa ruwa na durƙusa, na ce, "Malam." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Sannu da zuwa." Ya ce ai na riga na yi masa. Bayan magariba na shige ɗaki na ce bari in yi masa saƙon murya, tunda waya ba ta da ido. Na danna, na ce, "Malam, dama..." sai numfashi. Na goge. Na sake dannawa, na ce, "Dama ina so in ce... miyar ɗazu ta yi gishiri?" Hannuna ya kuɓuce, saƙo ya tafi. Daga falo na ji muryata tana fita daga wayarsa, na ji ya tuntsire da dariya.

"Daidai ta yi, Hajiya! Sai dai mai miyar ce ta yi nisa, har sai an yi mata waya!"

Na cusa kaina cikin filo. Na ce ba komai, akwai Juma'a, akwai Asabar, tunda a nan su ne ranakun hutu.

Ranar Juma'a Yaya Munzali zai zo cin abinci. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na fito da man shanun da Inna ta aiko min. Warin daddawa ba ya zama min a ciki yanzu, don haka na lalubo wani tsohon takunkumin korona a durowa na ɗaura, na shafa lemon tsami a ciki. Na sa koriyar atamfata mai zanen ganye, wadda zaninta ya fara matse ni, na ɗora dogon hijabi ruwan toka.

Bayan an sauko daga masallaci suka shigo tare. Yaya Munzali tun daga matakala ake jin muryarsa. Farar jallabiya, makullan mota a yatsa yana kaɗawa. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofar kicin, a durƙushe, idona a ƙasa. Ban taɓa yi masa magana ta wuce "lafiya lau" ba.

"Amaryarmu! Har yanzu korona ba ta ƙare a kicin ɗinki ba?"

Na ja takunkumin ƙasa ina murmushi, na jera musu kwanuka a kan ledar cin abinci, na koma bayan labule.

Suna ci suna hira. Sai na ji Yaya ya ce, "Wai ka tura abin nan?"

"Sai Lahadi, Yaya."

"Lahadin me? Waya ta san Juma'a ne? Mutum uku ke harin gurbin nan, ni na tsaya maka. Yalla, maza ɗauko ka tura ina gani, in kira mutumina in ce an gama."

Na ɗaga gefen labule. Malam ya suɗe hannu, ya goge, ya jawo wayar da hagu. Ina ganin hasken allon a fuskarsa. Yana shafawa, yana cikawa, Yaya na leƙe ta kafaɗarsa yana cewa, "Nan, danna nan." Na ce Malam a hankali, ƙarar na'urar sanyi ta haɗiye shi. Na ga babban yatsansa ya ɗaga.

"Ɗalhatu!"

Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya faɗa.

Lomar Yaya ta tsaya tsakanin kwano da baki. Ga ni tsaye a tsakiyar falo, ludayi a hannu, takunkumi a haɓa, ban san lokacin da na fito ba.

"Kada ka tura," na ce. Idona na kan zanen kafet. "Juna biyu gare ni. Wata uku. Likita ta ce sai an yi min ɗauri. In ka bar aikin nan katin asibiti zai mutu, na can kuma ba ya biyan cikin da aka zo da shi sai an yi wata goma. Anti Liatu motarsu suka sayar. Ni ba na son a canza min likita. Ba na son in sake..."

Na matse ludayin a ƙirjina.

Yaya Munzali ya mayar da lomar cikin kwano a hankali. Ya yi gyaran murya. Ya kalli silin, ya kalli ƙofa.

"To. To, masha Allah. Ni... na bar mota a rana."

Ya miƙe da miya a hannu, ya zura takalmin Malam ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya, ya fice. Motar da ke ƙarƙashin rumfa tun da suka zo.

Na juya zan gudu kicin, Malam ya riƙo gefen hijabina.

"Sake faɗa."

"Ai ka ji."

"Ba wannan ba. Na farkon."

Na rufe fuska da ludayi. Ya karɓe shi ya ajiye, ya zaunar da ni kan kujera, shi ya zauna a ƙasa. Idonsa ya yi ja amma dariya yake.

"Shekara nawa ina jira in ji yadda sunan nan zai fito a bakinki. Ashe sai an haɗa da kamfanin inshora."

"Ka yi haƙuri na ɓoye maka. Inna ce ta ce..."

Ya buɗe saƙonnin wayarsa ya miƙo min. Turanci ne, ban iya karanta duka ba, amma na gane sunan asibitin, na gane nawa sunan, a jere sun fi biyar.

"Duk ranar da aka yi amfani da katin nan sai sun turo min," ya ce. "Tun zuwanki na farko na sani. Sashen mata, gwajin jini, hoto. Kin zaci mangwaron nan araha yake? Turarena ma kin ga na daina fesawa."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Wancan karon ni na yi ta shela. Da abin ya faru sai na kasa yafe wa bakina. Na ce wannan ko za ki kai ranar haihuwa ba ki faɗa ba, ba zan riga ki ba. Kullum in na dawo ina kallon bakinki, sai ki ce min sannu da zuwa." Ya share ido da bayan hannu. "Aikin ma don shi na karɓa. Ɗaki na biyun nasa ne. Albashi kawai na duba, Nasiratu, ban tambayi komai a kan asibiti ba."

Ashe ni ina ɓoye masa don in tsare cikin, shi yana canza aiki don ya tsare cikin, mun kusa haɗuwa mu yi masa illa saboda so. Na yi kuka, na yi dariya, ya ce in zaɓi ɗaya kada in ruɗa yaron.

Can sai ga sallamar Yaya, a hankali wannan karon, har da ƙwanƙwasa ƙofa. Na koma bayan labule. Ya ce ya kira mutuminsa na ofis, maganar gaskiya ce, haka tsarinsu yake. Kuma gurbin ba zai jira ba, kafin gasa suke son mutum.

"Ya wuce, Yaya," Malam ya ce. "Ina nan inda nake sai an yi suna."

"Ka san sawu nawa na yi a kan aikin nan? Ka san shayi nawa na saya wa mutane?"

"Na sani. Ka yafe min."

Yaya ya ja kwanonsa gabansa. Tuwon ya huce amma ya gutsura.

"Khalas, shi ke nan, goge notis ɗin. Aiki wani zai zo." Sai ya ɗaga murya wajen labule. "Amaryarmu, ashe kina da murya haka? Na zaci gini ne ya faɗo. To ki ji, in namiji ne sunana za a sa, kuɗin shayina ke nan."

Malam ya goge notis ɗin a gabansa. Ya ce Litinin kuma zai ɗauki izini a wurin aiki, ya raka ni wurin likita. Wannan karon har cikin ɗaki.

Na so a ce nan zancen ya tsaya. Amma na gaya muku Inna ta ce namiji ba ya riƙe murna, kuma a nan kam ba ta yi kuskure ba. Ashe a zaman motar nan Yaya ba ofis kaɗai ya kira ba, har da matarsa can gida Malumfashi. Matarsa kuwa ƙofar gidansu na kallon ta gidanmu. Kafin la'asar sakaliya, ina wanke kwanuka, saƙon murya ya shigo daga Inna.

"Nasiratu, labari ya iso ni daga bakin maƙwabta. Ba zan yi faɗa ba, tunda an riga an yi. Allah ya raba lafiya. Ki gaya wa mijinki ya fara neman tikiti tun yanzu. Wata bakwai a ɗakina za ki cika shi, na sa an fara tara itacen wanka."

Na tsaya da kumfa a hannu. Katin nan da muka bar aiki sukutum saboda shi, ba ya aiki a wajen ƙasar nan. Likita kuma ta riga ta ce bayan ɗauri babu doguwar tafiya. Kuma tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Inna a'a ba.

Wayar ta fara ruri. Hotonta ne, da jan mayafinta na Sallah.

Malam ya zo ya tsaya a bayana. "In ɗauka in yi mata bayani?"

Na kalli wayar, na kalli cikina da ko tasowa bai yi ba. Na ɗauraye hannu, na goge a zani.

"A'a. Tsaya dai kusa."

Na danna kore.

"Inna, ina wuni," na ce. "Ki zauna, Inna. Ina da magana."